Ba a Ɗaukar Kunkuru

Ku matso nan, ku ukun. Barira, kife wayar nan. Nafi'u, jawo tabarma kusa, ba zan ɗaga murya ba, ba ni da ƙarfinta. Kai kuma yayansu, da kunyar ɗan fari ta hana ni kiran sunanka shekara arba'in da huɗu, kai za ka fi kowa buɗe kunne, don a kan 'yarka na tara ku.

Sau ɗaya zan faɗa. Na gaji.

Mako uku ke nan da ka mai da bayan madafina dawa. Ka fara da akwatin gilashi, ka sa ɗan damo a ciki, ka rataya masa ƙwan lantarki wai kada sanyi ya kama shi. Ban ce komai ba. Ka sa matarka Sa'ade farautar fara da kyankyasai don cikin damo. Ban ce komai ba. Ka ce a waya ka gani, haka mutanen wasu ƙasashe suke kiwo, yara su tashi da tausayin dabba. To, madalla. Na ga ana sayo latas da kokwamba ana yankawa ƙanana-ƙanana kamar za a karɓi baƙon kunya, na ja bakina na tsuke. Gidan naka ne yanzu.

Sai ka sauke kunkuru daga but ɗin mota.

Ka kira mai walda ya yi masa keji na ragar waya. Na auna da ido, ni da na ƙare rayuwata ina auna bakin tukunya: taku huɗu ne na ƙaramin yaro, ta kowane ɓangare. Tun ranar da aka sa shi bai juya ba. Ya kafa kai a kusurwar arewa yana tura raga. Ba ya kallon latas ɗinku. Da dare ina jin farcensa a kan siminti. Ƙar. Ƙar. Ku kuna barci, ni ina ji.

Ga 'yarka Zinatu, 'yar shekara uku, yarinyar da sai an tare ta a bakin zaure kamar ɗan akuya. Yau kwana tara, in ta yi taku huɗu sai ta tsaya cik. Ta ɗaga hannu biyu ta dafa iska. Sa'ade ta ce rigima ce. Barira ta ce a je a duba ƙafa. Ni ƙirgawa na yi. Ta nufi randa, huɗu. Ta nufi ɗakina, huɗu. A ɗauke ta a dire a wani wuri, huɗu ne dai.

Na taɓa ganin wannan. A gidan nan. A jikinka, yayansu.

Lokacin shekararka biyu, waɗannan biyun ba a haife su ba. Duk inda kuke ganin gidajen bulo yanzu gonaki ne, bayansu fadama, inda nake haƙo yumɓu ina gina tukwane. Ba wanda ya koya mini. Na zauna kusa da masu yi na saci hannu, na fasa ɗari kafin ɗaya ta tsaya. Kakarku ta rasu, ba wadda zan miƙa wa ɗan fari, dole ni na riƙe ka.

Da bazara ubanku, Allah ya ji ƙansa, ya je sharar gona ya dawo da kunkuru a buhu. Babba, ya kai akushi. Ya ce ya samo wa yaro abin wasa. Ka yi murna, kana bubbuga bayansa kana dariya. Amma dabbar ba ta zama. A ajiye ta nan, ta nufi ƙofa. A dawo da ita, ta nufi ƙofa. Sai ubanku ya yi abin da mutanen da suke yi. Ya sa ƙusa a murhu har ta yi ja, ya huda gefen ƙoƙon bayan, can wajen ƙafar baya. Warin kamar an ƙona ƙaho. Kunkurun bai yi kuka ba, ba su da murya. Huci ya yi, dogo. Ruwa ya gangaro daga idonsa.

Ya zura igiyar rama, ya ɗaure a turken akuya. Kamu bakwai. Ni na tufka igiyar, na san tsawonta.

Kwana biyar bayan nan ka daina isa ƙofa.

Ka taso da gudu, sai ka tsaya kamar an fizge ka. Abin da ya fi tsaya mini a rai rigarka ce. Bayanta yakan ɗago, ya miƙe, kamar yatsu biyu sun kama. Ba kowa a wurin. Na sa hannu na auna daga inda ka tashi zuwa inda ka tsaya. Kamu bakwai. Na sake aunawa washegari. Kamu bakwai.

Na ce da ubanku, "Malam, kwance dabbar nan."

Ya ce, "Wace dabba?"

"Dabba nawa ka huda?"

"Ke dai da camfi. In na kwance, tafiya zai yi."

"To ya tafi mana. Mu muka haife shi?"

"Yaro na son abinsa."

"Yaron da ba ya iya kai kansa bakin ƙofa?"

Ya yi tsaki ya ɗauki buta. Mutumin kirki ne ubanku, amma in ya kafe, gara ka tura bango.

Ban jira shi ba. Da ya fita na sa wuƙa na datse igiyar, na zare ta daga hujin, na jefa a wuta. Na buɗe ƙofa. Kunkurun ya miƙa wuya, ya kama hanya. Ya yi kamu bakwai. Ya tsaya. Ƙafafunsa na haƙar ƙasa, jikinsa bai yi gaba ba. Babu igiya. Na zauna a dandaryar ƙasa ina kallonsa.

Haka muka kai kwana goma sha tara. Ka rame. Ka daina dariya. Ka daina ma gwada gudun, sai ka zauna inda aka ajiye ka kana kallon ƙofa.

Ran Laraba kasuwa ke ci a garin da ke tsallaken fadama. Mu masu tukwane muna da ƙa'ida: ba mai bin hanyar fadama ita kaɗai. Da carar zakara ta farko ake tashi, kowace in ta iso ƙofar 'yar'uwarta ta ƙwanƙwasa tukunya sau uku, a jeru a tafi. Daren nan na daɗe ban runtsa ba, barci ya sace ni, na farka firgigit na ga tsakar gida fari tas. Na ce shi ke nan, gari ya waye, sun ƙwanƙwasa ban ji ba. Na naɗa gammo, na ɗora tukwane shida a raga, na bar ka kwance kusa da ubanka, na fita da sauri in cim musu.

Farin wata ne. Ban gane ba sai da na wuce gonaki.

Ba zakara. Ba kare. Ko kwaɗin fadama sun yi shiru.

Na tsaya ina shawarar komawa. Sai na hango mutum a gabana, a kan hanya.

Tsohuwa ce, gajera, ta duƙa. A bayanta akwai wani abu a ƙarƙashin zane, mai tudu, kamar ta goya ƙwarya a kife. Tafiya take a hankali. Ta ɗaga ƙafa, ta daɗe, ta sauke. Na ji sanyi a raina, na ce ga abokiyar tafiya. Na ƙara sauri in iske ta.

A lokacin ba macen da ta fi ni sauri a unguwar nan, ku tambaya. Na yi ta zuba ƙafa har tukwane na ƙara a kaina. Tazarar da ke tsakaninmu ba ta ragu ba. Ita ba ta ƙara sauri ba. Ina ganinta. Ɗaga, daɗe, sauke.

Na dubi ƙasa.

Sawunta na nan a kan rairayi, wata ya haska shi. Ba dunduniya. Ba tafin ƙafa. Wani abu ne zagayayye kamar gindin taɓarya, da tsagar farce a gaba, kuma duk sun karkato ciki. A tsakiya wani layi, kamar ana jan abu mai nauyi.

Na daina tafiya. Ita ma ta daina.

Ban ga lokacin da ta matso ba. Na dai gan ta a gabana, kusa, har ina jin warinta. Warin gindin rijiya.

Na ce, "Sannu, Iya."

Kafin ta amsa sai da ta yi huci. Dogo. Na san hucin nan.

"Sannu, maginiya."

Ba ta da haƙori ko ɗaya. Leɓenta mai kaifi ne, a bushe. Wuyanta duk tattara, yana fitowa daga zane yana komawa.

"Ina zuwa da daren nan, Iya?"

"Neman ɗa."

"Ya ɓata ne?"

"An ɗauke shi. Kwana sha tara."

Na riƙe ragar tukwane da hannu biyu. Ina son in karanta abin da na iya, harshena ya yi nauyi, Bismillah kaɗai ta fita. Ba ta gudu ba. Ta jira na ƙare.

Ta ce, "Naki yana tafiya?"

Na ce, "Kamu bakwai."

Ta ce, "Nawa ma."

Na dube ta. Wallahi ba fushi a fuskarta. Gajiya ce. Irin wadda nake gani a ruwan randa in na leƙa.

Na ce, "Na datse igiyar, Iya. Na ƙona ta."

"Hujin fa?"

Na ce, "Yana nan."

"Ke mai gini ce. In tukunya ta huje?"

"A liƙe."

Ta sa hannu cikin zane ta fito da curin yumɓu, bai fi goro ba. Ban so in ga hannun ba, na kau da kai na miƙa nawa. Yumɓun sanyi ƙalau, baƙi, mai laushi. Na yi shekaru ina haƙa a fadamar nan, ban taɓa taɓa irinsa ba.

"Ki liƙe. Ki buɗe ƙofa. Ki bi shi. Naki a bayanki."

Na ce, "Iya, ai sai in sa shi a kwando in kawo miki. Kafin tuwo ya nuna na iso."

Wuyan ya fito. Ya yi tsawo fiye da yadda wuya ke yi.

"Wanda aka ɗauka bai iso ba. Ajiye shi aka yi."

"To."

"Kada ki ɗaga shi. Kada ki tura shi. Kada ki sha gabansa. Ku zo ku biyu."

"In ban sami na biyu ba fa?"

Huci.

"To kada ki runtsa."

Can nesa zakara ya yi cara. Na waiga. Da na juyo, hanya ce kawai da farin rairayi. Sawun ya tsaya daidai gaban ƙafata, bai ci gaba ba, bai koma ba.

Ban je kasuwa ba. Matan suka iske ni zaune a bakin hanya da tukwane a gefe, hannuna a dunƙule. Suka yi ta tambaya, na ce jiri ne.

Da na koma gida na faɗa wa ubanku duka, ban rage ba.

Ya ce, "Wato ni, da gemuna, in bi kunkuru a baya mutanen gari na kallo."

Na ce, "Da dare za mu fita. Ba mai gani."

"Allah na gani. Ba na bin maganar abin da ba shi da dunduniya."

"Ba don ita za ka bi ba. Don wancan." Na nuna ka. Kana zaune kana kallon ƙofa.

Ya ce gobe zai kai ka wajen malaminsa a yi rubutu. Na ce a yi, ban hana ba. Amma yau zan fita. Ya ce in na fita ba da yawunsa ba. Na ce na ji. Na je wajen mata biyu cikin abokan kasuwa, ɗaya ta ce mijinta ba zai bari ba, ɗaya ta rufe ƙofa tun ban gama ba. Ban ga laifinsu ba.

Bayan sallar isha na durƙusa gaban kunkurun. Na cusa yumɓun a hujin, na danne da babban yatsa, yadda nake yi wa tukunya. Ya kama nan take, ya yi tauri kamar an gasa, shaidar yatsana a kai. Na goya ka, na ɗaure majanyi tam. Na buɗe ƙofa.

Ya yi kamu bakwai. Ya tsaya.

Ya ɗaga ƙafa. Ya wuce.

Yanzu ku saurara, don nan ne abin yake. Kuna tsammanin abin tsoro shi ne tsohuwar. A'a. Tafiyar ce.

Ba ku taɓa bin kunkuru ba. Ya yi taku goma, ya huta. Ya ga ɗan tsiro, ya tsaya ya ci. Kare ya yi haushi a wata unguwa, ya shige ƙoƙonsa, ku yi ta tsayuwa har ƙafa ta mutu. Ba dama ki zauna sosai, kada barci ya zo. Ba dama ki taka da ƙarfi, kada ya firgita. Ƙafa na son ta miƙe ta yi tafiyarta, kina danne ta. Sauro ya samu nama. Goyo tun yana da nauyin yaro har ya koma nauyin turmi. Majanyi ya yanke mini ƙirji. Na ciji leɓe har na ji gishirin jini.

Sau biyu ya faɗa kwarin kunyar gona yana ta fama ya hau, ƙasa na zamewa. Hannuna ya kai kansa, saura kaɗan. Ɗagawa ɗaya, shi ke nan. Na mai da hannun na cusa a hammata. Na tsaya ina kallo yana zamewa yana sakewa, ina kuka ba sauti.

Wata ya hau, ya kai tsaka, ya fara gangara. Muna cikin gonaki har yanzu. In na waiga ina hango rufin ɗakinmu.

Wajen asuba hadari ya taso ya rufe watan. Muka iso gindin wani marke, kusa da tsohon ramin yumɓu, wanda ruwa ya cika, mai zurfin mutum uku. Kunkurun ya shige ƙoƙo. Na ce bari in jingina kafaɗa da itacen, kaɗan, don goyon ya sarara mini.

Ban san na rufe ido ba.

Da na buɗe, kunkuru biyar ne.

Girmansu ɗaya. A jere, a gabana, cikin duhu. Ba mai motsi. Sai suka fito da kai a tare. Suka kama tafiya, kowa da inda ya nufa.

Na ce, "Wayyo Allah." A hankali na faɗa.

Ba haske. Ba na ganin huji, ba na ganin liƙi. Na zube a gwiwa da goyo a baya, na rarrafa. Ban ɗaga ko ɗaya ba. Yatsa kawai nake bi da shi ta gefen ƙoƙo, wajen ƙafar baya. Na farko, sumul. Na biyu, sumul. Na uku da na taɓa, ɗumi gare shi kamar jikin mutum, kuma ya yi wani sauti ƙasa-ƙasa. Dariya ce. Na janye hannu. Gwiwata ta ji laka, ashe bakin ramin ruwan ya kai ni. Taku biyu ya rage.

Na ja da baya da rarrafe. Na lalubi na huɗu. Yatsana ya faɗa cikin shaidar yatsana, daidai, kamar ƙafa a tsohon takalmi.

Na bi shi a gwiwa har gari ya yi sha. Ban sake duban sauran ba. Na dai ji abu ya faɗa ruwa. Sau huɗu.

Rana ta fito, ta yi hantsi. Manoma suka gan ni, mace da goyo tana bin kunkuru, gwiwa duk jini. Wani ya yi magana, ban ji me ya ce ba. Sai da rana ta take tsaka muka iso ƙarshen gonar ubanku. Wurin da nake zuwa kai abinci in dawo kafin wanki ya bushe. Akwai suri a wurin, a gindinsa rami, faɗinsa kamar bakin randa.

Ya tsaya a bakin ramin. Daga ciki aka yi huci. Ya shiga. Bai waigo ba.

Na tsaya. Ban san me ya rage ba.

Muryar ta fito daga ƙasa. "Sauke naki."

Na kwance majanyi. Na dire ka.

Ka tsaya kana tangaɗi. Ka taka. Ina aunawa da ido. Kamu uku. Biyar. Bakwai. Ka tsaya da kanka, don ka saba. Na kalli bayan rigarka. Tana kwance.

Ka sake takawa. Sai ka zura da gudu cikin gona, kana ihu.

Muryar ta ce, "Kin runtsa."

Na ce, "Sau ɗaya ne, Iya."

Ta ce, "Sau ɗaya."

Ba ta ƙara ba.

Na juya in bi ka, don ka nufi wajen ƙaya. Na ɗaga ƙafa. Ta daɗe kafin ta sauka. Na ɗaga ɗayar. Haka. Zuciyata na gudu, ƙafafuna na tafiyar daren jiya. Kana ta nisa. A nan ne, sau ɗaya tak a duniya, na buɗe baki na ƙwala sunanka da ya cika gonar: "Tasi'u!" Ka juyo kana dariya, ka dawo ka rungume ƙafata.

Tun ranar ban sake sauri ba. Kun tashi kun gan ni ina jan ƙafa, kuka ce sanyin ƙashi ne, Barira ta yi ta kawo mini man shafawa. Na karɓa na shafa, don kada ranta ya ɓaci. Matan kasuwa sun jira ni Laraba biyu, ta uku suka ce in yi haƙuri. Na koma sayarwa a ƙofar gida. Ubanku bai taɓa tayar da maganar ba har ya koma ga Allah. Amma bai sake shigo da ko ƙadangare gidan nan ba, kuma duk inda za mu je tare, shi ke rage tafiya.

Nafi'u, na ga bakinka na motsi tun ɗazu. Camfi ne, ko? Shirka ce? Ban yanka wa tsohuwar kaza ba, ban roƙe ta komai ba. Abin da aka ɗauko mata na mayar. In kana da ayar da ta ce a tsare dabba a raga tana tura kai har ya ɗaye, karanto mini, ina ji.

Barira, asibiti. Ku kai Zinatu, gobe ma. Ni ban taɓa faɗa da allura ba. A ɗauki hoton ƙafar, a auna jini. In sun ga abu, alhamdu lillahi, ku ce tsohuwa ta ruɗe, zan fi kowa murna.

Amma ku ji abin da na yi shekaranjiya, da kuka fita aiki. Na ja ƙafa na je na buɗe kejin. Kunkurun ya fito, ya miƙe sak har katangar arewa, ya kafa kai. Ina tsaye sai ga Zinatu ta fito daga ɗaki. Na ce, "Zo nan, ƙawata." Ta yi huɗu, ta tsaya, ta ɗaga hannu. Ba ta dafa komai ba. Ta zo har inda nake, taku ashirin da uku, na ƙirga. Sa'ade ta rangaɗa guɗa, ta ce ai da ma ta faɗa rigima ce. Da yamma ka dawo, yayansu, ka ce wa ya bar keji a buɗe, ka sungumi dabbar ka mayar. Ka ga 'yarka jiya. Ka gan ta yau. Nawa take yi?

Huɗu. To.

Na san abin da ke ranka, don ni ma shi na fara faɗa. Ka sa shi a but ɗin mota ka kai shi daji ka sauke. Na gaya maka amsar da aka ba ni. In kana son ka gwada da 'yarka, ban da iko, amma ba a gabana ba.

Ga abin da ke hana ni barci. Wancan kunkurun daga gonarmu aka ɗauko shi, nan bayan gida, ya ci mini dare da rabin wuni da ƙafafu biyu. Wannan, da na tambaye ka inda mai sayarwa ya samo shi, ka ce can arewa, wajen iyaka, a motar dabbobi aka sauko da shi. Tsakaninmu da can akwai kwalta, akwai tireloli, akwai garuruwan da ban san sunansu ba. Ban san kwana nawa ba ne. Ban san ko wata nawa ba ne. Na duba gefen ƙoƙonsa kaf, ba huji, ba tabo, ba abin da yatsa zai gane a duhu. Wanda ya runtsa a bayan wannan, shi da yarinyar ba su da abin lalube.

Don haka ba mai fita shi kaɗai. Ko da wasa. Biyu a hanya, ɗaya na kallo ɗaya na barci, goyo na zagayawa. Na ukun ya riƙe gida, ya bi ku da abinci, ya karɓi wanda ya faɗi. Kowa a cikinku yana da aiki, yana da iyali, yana da mutuncin da zai ji kunyar a gan shi a bakin titi yana bin kunkuru. Na sani. Ubanku ma yana da shi.

Da ina da ƙafa da ban tara ku ba. Da kun wayi gari kun tarar ba ni, ba yarinya, ba kunkuru.

Ni zan shiga in kwanta kusa da Zinatu. Ku zauna nan ku ukun ku daidaita: wa zai fara bi, wa zai fara goyo, wa zai tsaya. Kada ku tashe ni don ku gaya mini abin ba zai yiwu ba. In kun gama, ɗaya ya zo ya karɓi majanyi.